Masu gyara maƙala kafin a tura kwanfarens: na biya kuɗina, ga abin da na gani

Tun da na dawo daga taron ƙasa da ƙasa na masana fanninmu ake ta tambayata, a ofis, a waya, har a gidan biki wata ta ja ni gefe, wai Malama yaran nan masu gyara maƙala da kika ba wa aikinki sun iya kuwa ko cin kuɗin mutane kawai suke, to na gaji da ba wa kowa amsa shi kaɗai, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ni ma in huta. Sunansu ba zan kama ba, don akwai yabo akwai suka a maganata kuma bana son a ce talla nake musu ko ina neman kashe musu kasuwa, waɗanda suka tambaye ni dai sun san ko su waye. Sunan taron ma zan bar shi a cikina, saboda maƙalar yanzu haka tana hannun wasu masu dubawa a wani wurin kuma ƙa'ida ce kada su san mai ita.

Ni dai lakcara ce, ina shekara ta uku a digirin digirgir, fannina shi ne wanda ake ce wa IS, nazarin tsarin sarrafa bayanai, wanda har gobe a gidanmu ba a gane bambancinsa da ilimin kwamfuta ba, kawuna in wayarsa ta ƙi kunnuwa ni yake aiko wa. Mu ba haɗa manhaja ne aikinmu ba, abin da muke bi shi ne in an kawo wa mutane na'ura ko manhaja a ma'aikata ko kasuwa ko asibiti, me suke yi da ita kuma me take yi da su. Nawa binciken a kasuwar Dawanau nake yinsa, kan yadda 'yan hatsi da riɗi da zoɓo suka koma taransifa da POS tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da aka canza kuɗi mutum yana da miliyoyi a banki amma ba shi da na sallamar ɗan dako. Abin da na gano, kuma a kansa kundin gaba ɗaya ya tsaya, shi ne ana sakin kaya mota guda tun kafin alat ya shigo, ba don an yarda da manhajar banki ba, sai don dillali ya ce a loda ni na tsaya masa. Ku riƙe min dillalin nan, zan dawo kansa.

Ga wanda bai shiga harkar ba, a fanninmu manyan tarukan na AIS ne, ƙungiyar masana fannin ta duniya, wadda aka kafa a 1994, ofishinta yana Atlanta a Amurka. Babbansu ICIS, shi tun 1980 ake yinsa kafin ma a kafa ƙungiyar, a watan Disamba yake faɗowa kuma yawo yake, 2022 Kofanhegan, 2023 Haidarabad ta Indiya, 2024 Bankok. Sai na yankuna, AMCIS na nahiyar Amurka a Agusta, PACIS na Asiya wajen Yuli, da ECIS a Yuni wanda shi ne namu a lissafinsu tunda sun haɗa Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka a yanki ɗaya, na 2020 ma a Marrakesh ta Maroko aka tsara shi kafin korona ta mayar da shi ta intanet. Akwai kuma 'yan IFIP 9.4 masu nazarin fasaha a ƙasashe masu tasowa, sun taɓa zama a Abuja a 2005. Abin da yake kama sabon shiga shi ne ranar rufe karɓar maƙala tana nesa da ranar taro sosai, ECIS na Yuni tun wajen Nuwamba ake rufewa, ICIS na Disamba farkon Mayu, to in sai da ka ji hayaniyar taro sannan ka fara neman yadda ake turawa, ai an ci kasuwa an watse.

Su waɗannan yaran a bakin wata abokiyar aikina naji labarinsu. Su uku ne, maza biyu da mace ɗaya, biyu sun yi digirgir a Malesiya ɗaya yana Ingila bai gama ba, ba su da ofis, komai ta WhatsApp ne da imel da Zoom. Abu huɗu suke sayarwa, jera maƙala a kan tamfilet ɗin taron, gyaran Turanci, dubawar gwaji wato wani ya karanta ya caccake ka kamar yadda masu dubawa na gaske za su yi, sai shirya takardun zaman 'yan digirgir wanda zan yi bayaninsa a gaba. Za ka iya ɗaukar ɗaya za ka iya haɗawa duka a yi maka ragi. Ni da yake karon farko ne kuma tsoro ya cika min ciki duka na ɗauka, naira dubu 140, rabi kafin a fara rabi in an gama, Abban yara ya kalli alat ɗin cirar kuɗin ya kalle ni yace Allah ya sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Bari in fara da inda suka burge ni. Jera takarda da ɓoye sunan marubuci, wallahi a nan ban ga na biyunsu ba, kuma macen ce take riƙe da wannan ɓangaren. Mutane suna raina wannan aikin, gani suke ai gyaran layi ne kawai, amma a irin waɗannan tarukan in ka wuce adadin shafin da aka ƙayyade ko ka taɓa girman rubutu ko ka matse gefen takarda don komai ya shiga, ana iya dawo maka da ita tun daga teburin edita babu wanda ya karanta ko layi ɗaya, aikin wata shida ya tafi a banza saboda rabin shafi. Sannan dubawar makauniya ce ta ɓangare biyu, kai ba ka san mai dubawa ba shi ma bai kamata ya san ka ba. Ni a tunanina na gama, na goge sunana da na sufabaiza a shafin farko na cire godiya, shikenan. Sai ga saƙon murya daga yarinyar nan da daddare, tace Anti ki buɗe fayil ɗin ki shiga inda ake ganin bayanan fayil ki faɗa min sunan wa kika gani. Na shiga, sai ga cikakken sunan maigidana ɓaro-ɓaro a gurbin marubuci, ashe tun da ya saka min Word a kwamfutar da sunansa ya yi rajista, duk takardar da na taɓa rubutawa a duniya da sunansa take yawo. Ba ta tsaya nan ba, ta zaƙulo lambar takardar izinin bincike da na saka a sashen dabarun bincike wadda harufan farkonta sunan jami'armu ne, ta zaƙulo wani wuri da na rubuta kamar yadda muka nuna a bincikenmu na baya na kuma kawo sunana da shekara a gabansa, ta zaƙulo tambarin makaranta ɗan mitsitsi a kusurwar taswirar kasuwar da wani ɗalibina ya zana min. Guda huɗu kenan, kuma ni sau nawa na karanta takardar nan ban ga ko ɗaya ba. Manazarta ma ta zauna ta daidaita su ɗaya bayan ɗaya ta kuma koya min Zotero, manhajar jera manazarta, a kyauta, da can da hannu nake bugawa kamar a zamanin tafireta.

Sai gyaran Turanci, a nan ne aka yi min gyaran gangar Auzinawa. Kwana biyu kacal aka dawo min da ita, na farko babu alamar inda aka taɓa, fayil ne sabo fil kamar daga sama, wanda duk mai gyara na kirki ya san ana barin ja da shuɗi ne mai takarda ya ga me aka cire me aka saka ya yarda ko ya ƙi. Na fara karantawa Turanci sumul kamar ana zuba mai, har naji daɗi, sai da na kai shafi na biyar gabana ya faɗi. Kun tuna dillali? A maƙalata na bar kalmar dillali da Hausarta na yi mata bayani a farko, saboda shi daban mai POS daban, ɗaya mutuncinsa yake jinginarwa ɗaya na'ura yake riƙewa yana cirar kamasho, kuma duk hujjata a kan wannan bambancin take. To mai gyaran ya bi takardar kaf ya mayar da su biyun kalma ɗaya, ejan. Dillali ejan, mai POS ejan. Sai maƙalar ta koma tana cewa 'yan kasuwa sun yarda da ejan shi ya sa suke amfani da ejan, wato abin da na shafe wata huɗu ina shaƙar ƙurar riɗi a kansa ya zama shirme. Maganganun 'yan kasuwar da na fassara da kaina daga Hausa na bar su da kaifinsu, su ma an goge su an yi musu kwalliya, wani dattijo mai shagon gero ya koma yana magana kamar manajan banki.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da na gani a manazarta. An ƙara min guda biyu da ban taɓa karantawa ba. Ɗaya na same ta, tana nan amma ba ta da alaƙa da jimlar da aka liƙa ta a kai. Ɗayar kuwa na nema a Google Scholar babu, na shiga ma'ajiyar AIS ta intanet babu, na je shafin mujallar da aka ce a ciki ta fito na buɗe fitowar shekarar na bi ɗaya bayan ɗaya babu ita babu dalilinta. Na kira wanda ya yi aikin nace Malam wannan daga ina, ya yi ta kame-kame wai wani mataimakinsu ne ya taya shi, ni kuwa na san irin mataimakin, manhajar nan ce mai ƙirƙirar rubutu aka zuba mata takardata aka kwafo abin da ta amayo. Ni ban ce amfani da ita haramun ne ba, amma taruka yanzu suna da ƙa'idarsu a kai, wasu sai ka bayyana ka yi amfani da ita da kuma inda ka yi, kuma in aka kama manazarta ta bogi ba sunan mai gyara za a rubuta ba, sunana ne da na Farfesa sufabaizana da ya shekara talatin yana gina mutuncinsa. Dare uku na yi ina komawa kan tsohon kwafina ina tsintar 'yan gyare-gyaren da suke da amfani ina zubar da sauran. Sun ba ni haƙuri kam, har babbansu ya kira da kansa, amma kuɗi ba su dawo da ko kwabo ba, sai dai suka ce za su ƙara min zaman dubawar gwaji ɗaya kyauta.

Kuma gaskiya dubawar gwajin ita ce ta sa ban yi Allah ya isa ba. Na Ingilan ne yake yi, mun yi alkawarin awa ɗaya a Zoom muka ɗauki kusan biyu, yana ɗakinsa da rigar sanyi ni ina tsakar gida ina korar sauro. Bayan gaisuwa tambayarsa ta farko ita ce Malama me ya sa TAM. Nace ai shi kowa yake amfani da shi. Ya yi dariya yace to shi ya sa nake tambaya. Wanda bai sani ba, TAM ra'i ne na Fred Davis da ya fito a mujallar MIS Quarterly a 1989, yana cewa mutum yana karɓar fasaha ne in ya ga tana da amfani kuma tana da sauƙi, daga baya a 2003 aka faɗaɗa shi aka samu UTAUT, kuma a sassanmu na nan in ka ɗaga kundi goma sai ka ga mafi yawa wannan ne, a raba takardar tambayoyi 384 a zuba a manhajar lissafi ta SmartPLS a zana akwatuna da kibiyoyi a ce duk hasashe ya tabbata. Yace min Malama ki duba hirarrakin da kika yi da kanki, mutanen nan ba zaɓar taransifa suka yi ba, kuɗi ne ya ɓace daga hannun jama'a aka tura su ciki, shi kuma ra'in da kika ɗauko yana magana ne a kan niyyar mutum, ina niyya a wurin wanda ba a ba shi zaɓi ba. Yace abin da yake sabo a takardarki yana shafi na tara kin ɓoye shi a ƙarƙashin tebur na uku, mai dubawa a can ya karanta TAM a kan bankin waya sau ɗari, amma bai taɓa jin an loda mota a kan kalmar mutum ɗaya ba, kuma tambayarsu kullum ɗaya ce, me kika ƙara wa abin da muka sani. Nan jikina ya yi sanyi, don Farfesa ya taɓa faɗa min makamancin haka a fakaice ni ce ban ɗauka ba.

Ya kuma nuna min abin da ban san da shi ba sam, wato zaɓen layin da za ka tura. Kowane taro an raba shi gida-gida bisa maudu'i, kowane gida da shugabanninsa da editocinsa da masu dubawarsa, ni na nufi gidan karɓar fasaha saboda sunan ya yi kama da takena, shi yace a'a ki karanta bayanin gidan masu nazarin fasaha da ci gaban al'umma, can ne za a samu mai dubawar da ya san kasuwa irin wannan ba zai tsaya tambayarki me ya sa ba a biya da katin bashi ba. Na bi wannan. Shawara ɗaya ce na ƙi bi, yace in tura ta a matsayin gajeriyar maƙala, irin ta binciken da bai kammala ba, don nazarin bayanan nawa bai nuna ba tukuna, ni kuma ina lissafin makin ƙarin girma a wurin aiki nace a'a cikakkiya zan tura. Yace to Malama takardarki ce. Wannan laifina ne ba nasu ba.

Yanzu zaman 'yan digirgir. Shi wani zama ne na musamman da ake yi kafin a buɗe babban taron, kwana ɗaya ko biyu ko fiye, ana zaɓar ɗalibai kaɗan a raba su rukuni-rukuni kowane rukuni da manyan farfesoshi, kowa ya baje tsarin kundinsa a tattauna. Ba maƙala ake turawa ba, tsarin binciken gaba ɗaya ake so, mece ce tambayarka, wane ra'i ka jingina da shi, ta wace hanya kake tattara bayani, ina ka kai me ya rage, tare da takardar tarihin karatu da aiki da wasiƙar sufabaiza, wasu ma kamar na ICIS sai makarantarka ce za ta tsayar da kai ba kai za ka tsayar da kanka ba. Kuma suna son wanda ya yi nisa har ya san inda ya dosa amma bai kai gab da difens na ƙarshe ba, don in ka gama shawarar me za a ba ka. To su mutanen nawa abin da suka yi min shi ne suka ɗauki maƙalar nan suka datse ta ta koma 'yan shafuka suka canza take, sannan don tsabar ƙwarewa a ɓoye suna suka goge sunana da na jami'a a ciki, alhali wannan takardar a taron da na nema da suna ake son ta, tunda wasiƙar sufabaiza ma tana manne da ita. Na gane a nan cewa cikinsu babu wanda ya taɓa zama a irin wannan zaman, sun saka shi a jerin kayan sayarwa ne kawai.

Farfesa ne ya cece ni. Na kai masa ofis bayan azahar nace Allah ya gafarta Malam ga abin da za a haɗa da wasiƙar, ya sa tabarau ya karanta shiru har ƙarshe sannan ya ajiye yace ke yanzu kin nuna musu kin gama komai babu inda yake miki ciwo, to su zo su yi miki tafi kenan? Yace koma ki rubuta musu inda kika maƙale. Na koma na rubuta gaskiya, cewa na fara da ra'in da yanzu nake ganin bai dace da abin da na tarar a kasuwa ba, cewa ina da hira da mutum 31 amma duk maza ne kuma ban san yadda zan yi da wannan giɓin ba, cewa ina tsakanin in tsaya a Dawanau kaɗai ko in ƙara wata kasuwar don kwatance. Shafi ɗaya cur na tambayoyin da nake son a taya ni. Wasiƙar kuwa da biro ya rubuta ta, sakatariya ta buga, hatimin sashe yana cikin durowar shugaban sashe shi kuma ya tafi ta'aziyya garinsu, sai ana gobe rufewa aka buga min.

Daren turawa kam dole in sake yaba wa yarinyar nan. Tarukan AIS yanzu ta wani shafi ake turawa mai suna PCS, wasu ƙananan taruka kuma EasyChair, ka buɗe akawun ka cike sunayen marubuta da tsakure da muhimman kalmomi ka zaɓi gida sannan ka ɗora PDF, ba wuya amma in hannunka yana rawa komai wuya ne. Ƙarfe tara aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, batirin kwamfuta saura kaɗan, netwok ɗin waya yana zuwa yana tafiya, sha ɗaya da rabi ina tsugune a bakin get inda sabis ya fi kamawa da kwamfuta a cinya fayil ya tsaya a rabi, hawaye ya fara zubo min. Na tura mata saƙo nace shikenan ta wuce ni. Nan take ta kira tace Anti kwantar da hankalinki, ki duba sanarwar, an rubuta AoE a gaban lokacin, wannan agogon yana bayan namu da awa 13, sha biyun darensu ƙarfe ɗayan ranar gobe ne a nan, je ki kwanta. Wallahi ban taɓa jin wannan abin ba sai ranar. Amma ta ja min kunne tace ba kowane taro ne yake amfani da shi ba, wani da agogon garin da za a yi taron yake rufewa wani da na gabashin Amurka, kullum in duba. Da safe na je ofis na ɗora, tace in sauke kwafin da ya shiga in sake buɗewa, na buɗe sai ga tebur na biyu ya yi tsalle ya tura layi uku zuwa sabon shafi na wuce iyaka, muka gyara muka sake ɗorawa saura awa biyu.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki sakamako ya zo. Maƙala ba ta shiga ba. Masu dubawa uku da rahoton edita, na farkon kamar yana laɓe a Zoom ɗinmu, yace labarin dillalin shi ne sabon abu amma nazarin bai nuna ba, da gajeriya aka turo da ya goyi baya. Na biyun layi shida ya rubuta. Na ukun ya yi shafi biyu har da jerin abin da zan karanta, Allah ya saka masa ko waye. Kwana huɗu bayan nan sai ga imel an ɗauke ni a zaman 'yan digirgir, da takardar da ni da Farfesa muka rubuta.

Abin da ya zubar da su a idona ya zo ne bayan na sanar da su an ƙi maƙalar. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga saƙo daga mai gyaran Turancin nan, wai kar in damu akwai wani taron ƙasa da ƙasa da suke da hanya a ciki, kwana uku za a ba ni takardar karɓa kuma tabbas za ta shiga Scopus, rumbun nan da ake lissafa wallafe-wallafen da aka amince da su, dala kaza zan biya ta hannunsu. Na buɗe shafin na ga a otal ɗaya a rana ɗaya za a yi taron kwamfuta da na haƙori da na kiwon kifi da na adabi, kuma wata mai zuwa a wani garin haka. Duk taron da zai karɓi maƙala cikin kwana uku babu wanda ya karanta ta, kuma abin takaicin shi ne na san abokan aiki da suka biya irin wannan suka je suka tarar da mutum takwas a ɗaki. Nace masa na gode.

Taimakon neman tallafin da suka rubuta a tallarsu kuwa jerin adireshin shafuka ne guda shida a WhatsApp, biyu ma wa'adinsu ya wuce. Abin da na koya da kaina shi ne kuɗin zama mamba a AIS ba ɗaya ba ne ga kowa, ana duba matakin ci gaban ƙasarka a ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, mu namu da rangwame sosai, ɗalibi kuma ya fi sauƙi. Ma'aikacin babbar makarantar gwamnati yana iya neman tallafin halartar taro na TETFund amma ta hannun makarantarsa ake bi, don haka ranar da takardar karɓa ta shigo ranar za ka fara zirga-zirga. Katin nairata ya ƙi wucewa a wurin biyan rajista, sai ɗan yayata da ke karatu a waje ya biya da nasa na tura wa mahaifiyarsa naira, kuma sai da rajistar ta shiga sannan aka ba ni wasiƙar gayyata ta neman biza, to ku lissafa kwanakin da kanku.

A zaman mu biyar ne a teburinmu da farfesoshi biyu, an ba kowa kusan awa guda. Da aka zo kaina ban kai rabin bayanin ba wata tsohuwar farfesa mai farin gashi ta ɗaga hannu tace tsaya, ranar da dillali ya ce a loda, mota ta tafi, alat bai taɓa shigowa ba, wa yake biya. Na buɗe baki na rufe. Hira 31 na yi babu wanda na yi wa wannan tambayar, duk labarin ranar da abu ya tafi daidai nake ta tattarawa. Tace to a nan babinki na biyar yake.

Maƙalar da ke hannun masu dubawa yanzu gajeriya ce kuma babu TAM a ciki. Na sake biyan na Ingilan ya caccake ta, na sake biyan yarinyar ta jera min, su biyun kai tsaye na nema kuma na faɗa musu dalili. Turancin kuwa wata Hajiya a sashen Ingilishi na kai wa, da jan biro take gyarawa a kan takarda, da ta zo kan dillali ta zagaye shi ta rubuta a gefe, wannan a bar shi. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan koma Dawanau, akwai wani dillalin riɗi da ya ce in same shi bayan la'asar a rumfarsa, wai akwai wata mota da ta tafi Legas bara da har yau yake biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan.